DARASI: YAYA RAƘUMIN DAWA YA SAMI DOGON WUYA?



Sau da yawa yaro yakan dawo daga makaranta ya ce malamin kimiyya ya koya musu cewa kakannin raƙumin dawa gajeren wuya gare su. Uba ya ji ya ɓata rai, ya ce ana so a raba ɗansa da Littafi Mai Tsarki. Yaron kuwa ya rasa wanda zai gaskata, malaminsa ko mahaifinsa. Saboda irin waɗannan gidaje na rubuta wannan darasi.

Abin da ke cikin wuyan

Ba dabbar tudu da ta kai raƙumin dawa tsawo. Babban namiji yakan wuce mita 5, wuyansa kaɗai kuma yakan kai mita 2. Amma in aka ƙirga ƙasusuwan wuyan, 7 ne cif, daidai da na ɗan Adam da na akuya. Ba a ƙara masa ko ɗaya ba. Kowane ƙashi ne ya miƙe, har wani yakan kai santimita 25.

Ga wata alama kuma. Akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro. Tsakanin wuraren biyu ba nisa, amma jijiyar ba ta yanke hanya: sai ta gangara har ƙirji, ta zagaya babbar hanyar jini kusa da zuciya, sa'an nan ta sake hawowa. Haka take a jikinmu mu ma. A dabba mai gajeren wuya zagayen ba shi da yawa, amma a raƙumin dawa ya zama tafiyar mitoci. Masana suna ɗaukar wannan shaida ce cewa tsohon tsari ne aka gada, wuya yana ƙara tsawo jijiyar tana binsa.

Ƙasa ma ta ba da shaida. An haƙo ƙasusuwan wata dabba, Samotherium, wadda ta rayu shekaru wajen miliyan 7 da suka wuce. Wuyanta bai kai na raƙumin dawa ba, amma ya fi na okapi, ɗan'uwansa mai gajeren wuya da ke dazuzzukan Kwango har yau.

Bayani biyu

A 1809 wani Bafaranshe, Lamarck, ya ce dabbar ta yi ta miƙa wuya don ta kai ga ganye, wuyan ya ƙaru, 'ya'yanta suka gaji ƙarin. Maganar tana da daɗin ji, amma ku dubi gidajenku. Shekaru nawa aka yi ana yi wa mutane tsaga a fuska, an taɓa haifar jariri da tsagar ubansa? Ɗan maƙeri ma ba a haifarsa da damtsen maƙera.

Darwin na Ingila, wanda littafinsa ya fito a 1859, ya kawo bayanin da kowane manomi zai gane. A garke ɗaya wasu sukan ɗan fi wasu tsawon wuya tun daga haihuwa. In fari ya zo, ganyen ƙasa ya ƙare, masu ɗan tsawon su ne za su ci na sama, su rayu, su haihu. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kamar yadda manomi yake ware manyan zangarniyoyin dawa don iri, haka yunwa ta yi ta tace garke, tsara bayan tsara. Sannu ba ta hana zuwa.

Gardamar da ba ta ƙare ba

A 1871 wani masani ɗan Katolika, Mivart, ya ƙalubalanci Darwin: in dogon wuya riba ce, don me sauran dabbobi ba su same shi ba? Darwin ya amsa masa a bugun 1872. Lalle dogon wuya yana da tsada. Kafin jini ya hau kai, sai zuciya ta tura shi da ƙarfin da ya ninka namu wajen sau 2. Shan ruwa ma wahala ne, sai dabbar ta ware ƙafafun gaba, lokacin nan kuwa zaki yake samun dama.

A 1996 wasu masana biyu, Simmons da Scheepers, suka ce faɗa ne tushen abin, gama maza sukan yi kokawa da wuya, suna dukan juna da kai saboda mata, mai nasara shi ke barin zuriya. Amma a 2007 aka buga sakamakon wani gwaji daga Afirka ta Kudu, inda aka kewaye itatuwa da shinge, aka ga cewa ƙananan dabbobi ne ke cinye ganyen ƙasa, don haka cin na sama riba ce ta gaske. Wani bincike na 2024 kuma ya nuna cewa in aka gwada da girman jiki, wuyan mata ya fi na maza tsawo, ga shi su ne masu ɗaukar ciki wata 15 da shayarwa. Mai yiwuwa abinci da faɗa duka sun yi aiki. A lura, masanan ba su yi jayayya a kan ko wuyan ya sake ba. Dalilin sakewar suke nema.

Ina bangaskiyarmu?

Littafin Farawa yana koya mana Wanda ya yi halitta da abin da ya sa ya yi ta. Kimiyya tana binciken hanyar da abin ya bi. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya ce Ikklesiya ba ta hana binciken juyin halitta game da jiki ba, muddin an riƙe cewa Allah da kansa ne yake halittar ruhun mutum. A 1996 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ce sabon sani ya nuna koyarwar ta wuce zato kawai. Saboda haka kada uba ya tsawata wa ɗansa. Mai yin abu cikin shekaru miliyoyi bai kasa mai yin sa a rana ɗaya iko ba.

Abu ɗaya ya rage. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun taɓa yawo daga Sanagal har Tafkin Chadi. A 1996 saura 49 kacal, a yankin Kure kusa da Yamai a Nijar. Da aka kāre su, sun haura 600. Abin da aka yi shekaru miliyoyi ana ginawa, gatari da bindiga suna iya shafe shi a zamanin mutum guda.

Don tattaunawa a zumunta

1. Mene ne bambancin bayanin Lamarck da na Darwin?
2. Yaya za ka amsa wa ɗanka in ya zo da wannan tambaya?
3. Waɗanne dabbobi da itatuwa kakanninmu suka sani waɗanda ba mu gani yanzu?

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.