Yadda Ake Haɗa Man Gyaran Katakon Yanka, Har a Kai Shi Kasuwa

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa, katakon da ake yanka albasa da nama a kansa yakan fara nuna alama. Fuskarsa ta yi furu-furu, ta yi kaushi kamar ƙafar da ta kwana biyu ba ta ga mai ba, wata rana kuma a wayi gari ya tsage daga gefe. Haka muciya take yi, haka ludayin katako da akushi, har turmin ƙirya mai taurin nan ba ya tsira. Dalili shi ne itace ko bayan an sare shi bai daina shan ruwa yana saki ba. In an wanke shi ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, kullum a haka har ya gaji ya buɗe. Tsagar nan kuwa ita ce maɓoyar ruwan nama da guntun abinci, wurin da soso ba ya kaiwa.

Maganin abu biyu ne kawai: mai da kakin zuma. Man yana shiga cikin ƙofofin itacen ya cike gurbin da ruwa zai zauna, kakin kuma ya tsaya a sama ya rufe. A Amurka da Turai ana sayar da wannan haɗi a ƙananan gwangwanaye, kusa da inda ake sayar da katakon yanka. A wajenmu kuwa masu amya da yawa in sun matse zuma sai su watsar da saƙar, alhali ita ce rabin kayan aikin. Uwargida, ga yadda za ki haɗa naki, ki gyara kayan ɗakin girkinki, in kin ga dama ki mai da shi sana'a.

Ki fara da zaɓen mai, domin a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne man gyaɗa ko manja ko man zaitun, kuma duk ba su dace ba. Man girki in ya daɗe a cikin itace yana haɗuwa da iska, sai ya tsufa, ya yi wari da maƙaƙi, ya bar danƙo a fuskar katako. Bayan 'yan makonni ki yanka kankana ki ji tana warin tsohon mai, kuma babu wankin da zai fitar da shi, don ya riga ya shige ciki. Man da ake so shi ne farin man farafin da ake sayarwa a kemis, wanda likitoci kan bayar a sha don taurin bayan gida. A jikin kwalbarsa za ki ga an rubuta Liquid Paraffin BP, ko Mineral Oil USP. Haruffan nan na ƙarshe su ne shaidar cewa an tace shi har ya kai a sha. Ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano, kuma ba ya tsufa yadda man girki yake yi.

Ina roƙonki ki tsaya a kan wannan. A wasu wuraren kananzir ma farafin ake ce masa, kuma guba ne. Man shafa na jarirai an zuba masa turare. Man keken ɗinki, baƙin mai, fenti da man sheƙin da kafintoci suke shafa wa kujeru, babu ɗaya da ya halatta ya taɓa abin da za a ɗora abinci a kai. In wani ya kawo miki mai a jarka babu takarda ya ce ai duk ɗaya ne kuma ya fi araha, ki bar masa kayansa. Mutanen da za su sayi man nan a hannunki a kan katakon za su yanka abincin 'ya'yansu.

Sai kaki. In kin samu tatacce a wajen masu sayar da zuma, kin huta, amma ki duba shi da kyau, don akan cakuɗa shi da kakin kyandir. Na gaskiya yana ƙamshin zuma, in kin fasa shi cikinsa yana da ɗan gari-gari, in kin murza ɗan guntu a tsakanin yatsu ya ɗumama sai ya yi laushi ya lanƙwasu. Na kyandir santsi gare shi, marmashewa yake yi, kuma ba ya ƙamshin komai.

In kuwa saƙar zuma kika samu, tacewa ba ta da wuya. Ki zaɓi mai haske, wadda babu 'ya'yan zuma a ciki. Tsohuwar saƙa baƙa ƙirin kakinta kaɗan ne, dattinta ya fi yawa, wadda kuma wuta ta lasa wajen ɗiba takan zo da ƙauri. Ki wanke saƙar da ruwa don sauran zuman ya fita, ki ƙulle ta a cikin tsaftataccen ƙyalle, ki jefa a tukunya, ki zuba ruwa ya sha kanta. Ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyas, saboda haka ba ya buƙatar tafasa mai ƙarfi. Za ki ga yana fitowa ta jikin ƙyallen yana tasowa saman ruwa, rawaya-rawaya. Ki riƙa danna ƙullin da muciya har ya daina fitarwa, ki cire shi, ki sauke tukunyar ki bar ta ta kwana. Da safe za ki tarar da kakin ya daskare a sama kamar faifai. Ki ɗaga shi, ki kankare dattin da ya manne a ƙasansa da wuƙa. In bai yi miki tas ba, ki sake narkarwa a sabon ruwa ki tace. Tukunyar baƙin ƙarfe tana dusasar da launin kaki, gara ta ƙarfe marar tsatsa. Kuma ki ware ta don wannan aiki kaɗai, domin kaki in ya kama tukunya ba ya barinta da daɗi. Ruwan da ya rage ki zubar a ƙasa, kada ki tura shi a bututun wanke-wanke, zai toshe.

Awon da aka fi sani shi ne kaki kashi 1, mai kashi 4, kuma da nauyi ake aunawa, saboda haka ki nemi ɗan sikelin ɗakin girki. Wato kaki giram 100, mai giram 400, wanda ya kai wajen mililita 470, don man farafin bai kai ruwa nauyi ba. Wannan awo ya yi daidai a lokacin sanyi. Amma a bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi kan haura digiri 40, sai ki ga man ya saki ya yi ruwa-ruwa a cikin gwangwani. A ganina wanda zai sayar a ƙasar Hausa ya tsaya a kan kashi 1 da 3: kaki giram 100, mai giram 300. Ya ɗan fi tauri, amma zafin hannu ya isa ya sassauta shi, kuma ba zai tsiyaye a jakar mai saye ba.

Wajen narkarwa kada ki ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ki zuba ruwa kamar tsawon yatsa biyu a babbar tukunya, ki ɗora ƙaramin kwanon ƙarfe a ciki, ruwan zafin ne zai yi aikin. Ki goge kakin da abin goga kuɓewa ko ki yayyanka shi ƙanana, ki zuba a kwanon tare da man, ki riƙa juyawa a hankali. Da farko za ki ga gutsattsarin suna yawo, gefensu yana zama garau, can sai su ɓace gaba ɗaya, haɗin ya koma ruwa mai launin zinariya. Da kin ga haka ki kashe wuta. Ki kula kada ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki, kuma kada ki bar wurin ki tafi wani aiki. Kaki da mai abokan wuta ne. In tsautsayi ya sa suka kama, ki kashe gas ki kifa murfi a kai. Kada ki watsa ruwa, fantsama wutar zai yi. Yara su yi nisa har a gama.

Kafin ki juye, ki gwada. Ki ɗiga kaɗan a kan cokali mai sanyi ki jira minti biyu. Ki taɓa da yatsa: ana so ya yi laushi, ya lakatu cikin sauƙi, ya narke in an murza. In ya yi tauri ƙwarai ki ƙara mai, in ya yi ruwa ki ƙara kaki. Daga nan ki zuba a gwangwanaye ko kwalabe masu faɗin baki waɗanda kika wanke suka bushe sarai. Ki jera su a wuri mai daidai, ki bar su a buɗe har su daskare, ki yafa ƙyalle mai shara-shara a sama saboda ƙura. In kin rufe da zafi, gumi zai taru a ƙarƙashin murfi. Turare ko kala kada ki sa ko kaɗan. Ƙamshin zuman da ke jikin kakin ya wadatar, kuma abin da zai taɓa abinci gara a bar shi yadda yake.

Dole ki iya amfani da shi da kanki, don shi ne abin da za ki koya wa masu saye. A wanke katako da sabulu, a jingine shi a tsaye a inuwa ya kwana ya bushe. Shafa mai a kan jiƙaƙƙen katako kulle ruwa ne a ciki. In fuskar ta yi kaushi ko sawun wuƙa ya yi yawa, a goge da sanfefa mai lamba 120, a bi da mai lamba 220, ana bin tsawon zaren itacen, a share garin. Katakon da ya bushe ƙwarai, ko sabo fil, a fara ba shi farin man zalla ya sha ya ƙoshi, sannan a kawo haɗin. A lakaci kamar cokalin shayi ɗaya, a murza da ƙyalle ko da hannu, gaba da baya da gefuna huɗu. Kada a shafa fuska ɗaya a bar ɗaya, don ɓangaren da aka bari zai ci gaba da shan ruwa shi kaɗai, katakon ya banƙare. A bar shi ya kwana, da safe a goge da busasshen ƙyalle har ya daina maiƙo. A yayyafa ruwa a gani: in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, aiki ya yi. Ranar da aka ga ruwa ya koma shigewa yana barin tabo, lokacin sake shafawa ya yi. Sau ɗaya a wata ya isa, da hunturu a ninka.

Batun sayarwa kuma, ki fara da lissafi a rubuce. Kaki kilo 1 da mai kilo 3 za su ba ki kusan gwangwani 40 masu giram 100, ko kusan 80 masu giram 50, ban da ɗan abin da zai manne a kwano. Ki haɗa kuɗin kaki, mai, gwangwani, takardar da za a manna, gas da kuɗin mota, ki raba da yawan gwangwanayen, ki ga nawa kowanne ya tsaya miki. Sannan ki ɗora ladan wahalarki da riba. Mata da yawa kan manta da kuɗin gas da na mota, su yi ta ciniki uwar kuɗi tana zaizayewa. Man farafin a ƙananan kwalabe yana da tsada, saboda haka in ciniki ya fara tafiya ki nemi manyan dillalan magunguna masu rajista, ki sayi babba a rufe da takardarsa.

Ki sani tun yanzu, wannan ba kaya ba ne da ake dawowa saye duk mako. Gwangwani ɗaya yana daɗewa a gida. Shi ya sa ƙaramin ya fi saurin fita, kuma shi ya sa cinikin ɗai-ɗai ba zai riƙe ki ba. Ki nufi kafintocin da ke ƙera katakon yanka, su haɗa kowane katako da ƙaramin gwangwani. Ki nufi masu shagunan kayan ɗakin girki, masu haɗa kayan amare, gidajen abinci, da masu sassaƙa akushi da ludayi irin na Kasuwar Kurmi. Tallar da ta fi ci ita ce ta gani da ido. Ki samu tsohon katako da ya yi fari, ki shafa wa rabinsa ki bar rabi, ki ɗiga ruwa a kowane ɓangare. Ki riƙe shi in za ki shago, ki ɗauki bidiyonsa ki sa a WhatsApp da Instagram da Facebook. Watan Oktoba ya kamata kayanki su kasance a ƙasa, kafin hunturu ya shigo mutane su fara ganin tsaga.

A jikin gwangwani ki rubuta sunan kayan, abin da ke ciki, nauyinsa, ranar da aka haɗa, yadda ake shafawa, lambar wayarki, da gargaɗin a ajiye a inuwa. Kada ki rubuta abin da man ba ya yi. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya maye gurbin wanki, kuma ba ya ɗinke katakon da ya riga ya tsage har ciki. Irin wannan katako a daina yanka abinci a kansa. Ki riƙa tuna wa masu saye su ware katakon ɗanyen nama daban da na kayan lambu, kuma kada su bar katako a jiƙe cikin ruwa ko su shanya shi a rana tsaka. In za ki wuce maƙwabta ki shiga shaguna, a Najeriya ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ki kuma je ofishin NAFDAC na jiharki ki ji ƙa'idar da ta shafi irin kayanki kafin ki buga takardu da yawa.

Ki fara da kaki giram 100 da mai giram 300. Ki shafa wa katakonki da muciyarki, ki ba maƙwabta biyu ko uku su gwada wata guda, ki ajiye gwangwani ɗaya a ɗaki mafi zafi a gidan ki ga ko zai saki. In duk sun yi kyau, sai ki sayo kilo.