Darasi: Motar daji da dokokin kare rai

A ƙasar Damagaram hanyoyin kwalta kaɗan ne. Akwai babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi da Damagaram da Gure har Diffa. Akwai wadda ta nufi Tanut da Agadas. Akwai ta Magarya, akwai ta Matamai mai zuwa Kano. Amma ƙauyuka da yawa suna nesa da kwalta. Mai zuwa can sai ya bi ta rairayi, ko burji, ko ya ratsa ƙorama.

Ba kowace mota ke iya wannan hanya ba. Sai motar daji, wadda jama'a ke kira kat-kat, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux. Sai kuma moto, wanda ƴan kabu-kabu ke shiga da shi ko'ina. Su ne ke kai gero da wake kasuwar Dole da kasuwar Mirya. Su ne ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Amfaninsu babba ne. Haɗarinsu ma babba ne idan ba a bi doka ba.

Tun kafin mota akwai doka

A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, ayarin raƙuma na tashi daga Damagaram ya ratsa Abzin har Tarabulus. Ayari ba ya tashi sai da madugu. Madugu ya san rijiyoyin hanya. Yana duba salkunan ruwa kafin a ɗaura kaya. Ba ya yarda a ɗora wa raƙumi abin da ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ake ce masa uban tafiya.

A ƙarshen shekarar 1924 wasu motoci takwas na kamfanin Citroën suka iso Damagaram. Sun taso daga ƙasar Aljeriya, sun ratsa hamada, suna kan hanyarsu ta zuwa tafkin Chadi. Su ma a ayari suka zo, da makanikai da guzurin mai da ruwa. Yau direba shi ne madugu. Aikin da madugu ke yi da, yanzu yana wuyan direba.

Me ya sa motar daji ke kifewa?

Motar daji tana da tsawon ƙafa, don kada cikinta ya taɓa rairayi. Wannan ne ƙarfinta, kuma shi ne rauninta. Duk wanda ya taɓa labta wa jaki kaya ya san haka. Idan kaya ya yi tsawo a bisa, da jaki ya karkata kaɗan sai kayan ya zube. Haka mota take. Idan aka jera buhuna har sama, mutane kuma suka hau kan buhunan, nauyi ya koma sama ke nan. A kwana, ko a gefen tudu, ko taya ta fashe, sai motar ta kife.

Abu na biyu shi ne gudu. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yaro ko akuya ya kai ƙafarsa kan birki, motar ta riga ta ci wannan tazara. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata tana ninka huɗu. A kan burji da rairayi taya ba ta kama ƙasa kamar a kwalta, sai tazarar ta ƙara tsawo.

Wannan damuwa ba ta Nijar kaɗai ba ce. A Amurka an yi wani moton daji mai ƙafa uku, mai manyan tayoyi. Yana saurin kifewa, ya kashe mutane da yawa, har da yara. A 1988 hukuma da kamfanoni suka yi yarjejeniya aka daina sayar da sababbinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara.

Abin da doka ta ce

A shekarar 2014 ƙasar Nijar ta yi sabuwar dokar hanya. Akwai kuma hukumar ANISER, mai kula da kiyaye haɗarin hanya. Ƴan sanda da jandarmomi su ne ke duba takardu. Doka ba ta tsaya inda kwalta ta tsaya ba. Tana bin mota har ƙauye. Ga takardun da ake nema:

1. Permi. Shi ne shaidar cewa mutum ya koyi tuƙi, an gwada shi. Permi iri-iri ne: mai harafin A na moto, B na ƙananan motoci, C na manyan motocin kaya, D na motocin ɗaukar mutane da yawa.

2. Kart giriz. Ita ce takardar mota. Tana ɗauke da sunan mai ita da lambarta. Tana faɗin yawan mutanen da motar za ta ɗauka da iyakar nauyinta. Wanda ya iya karatu yana iya ganin wannan da idonsa.

3. Asirans. Idan mota ta buge mutum ko ta ɓata dukiyar wani, kamfanin asirans ne ke biyan diyya. Idan babu asirans, nauyin duka yana kan mai mota. Sau da yawa ba shi da abin biya, sai iyalin wanda aka buge su tashi a banza.

4. Takardar bizit. Ita ce shaidar cewa an duba birki da fitilu da tayoyi da sitiyari.

Ban da takardu, akwai hular kwano ga mai moto da wanda ya goya, da ɗamara ga wanda ke cikin mota. Wasu na cewa hular tana da zafi. Gaskiya ne tana da zafi, amma ƙashin kai ba shi da madadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗamara tana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Hula kuwa sai an ɗaure igiyarta take aiki. Wadda ba a ɗaure ba, ita ce ke fara faɗuwa.

Darasin shekarar 2013

A shekarar 2013 wasu matafiya suka tashi daga Arlit cikin motoci biyu, za su Tamanrasat a ƙasar Aljeriya. Motocin suka lalace a tsakiyar hamada. Ruwa ya ƙare. A ƙarshen watan Oktoba aka gano gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Da yawa daga cikinsu mutanen ƙasar Kance ne, a nan jahar Damagaram. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya.

Waɗannan bayin Allah ba karo suka yi ba. Ƙishirwa ce ta kashe su. Don haka mai shiga hamada ko dajin arewa ya kiyaye waɗannan:

1. Kada mota ɗaya ta shiga ita kaɗai. A tafi a ayari.
2. A bi hanyar da aka sani, a tsaya a shingen jami'an tsaro. Mai kauce wa shinge ya kauce wa masu ceto.
3. A ɗauki ruwan da ya fi na kwanakin tafiya.
4. A ɗauki tayar ajiya da jak da famfo da shebur da igiya.
5. A faɗa wa na gida ranar tashi da ranar isa.
6. Idan mota ta lalace, a zauna kusa da ita, a yi inuwa. Mai nema ya fi saurin hango mota da hango mutum a ƙasa.

Ko a fili, ganganci na ɓarna. A hamadar Tenere an yi wata bishiya ita kaɗai, babu wata kusa da ita. A 1973 wata babbar mota ta buge ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Damina da rani

Da damina ƙoramu na kawo ruwa ba zato. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60, wato ya ɗan wuce gwiwar babban mutum, yana iya tafiya da kat-kat. Direba ya tsaya ya jira ruwa ya janye. Fasinja kada su matsa masa. Sauri ya haifi nawa.

Haka kuma da damina kada direba ya ratsa gona don gudun taɓo. Shukar da taya ta taka abincin wani gida ce. Irin wannan ɓarna tana kawo ƙara gaban mai gari.

Da rani ciyawa ta bushe. Bututun hayaƙin mota yana da zafi ƙwarai. Motar da aka tsayar cikin busasshiyar ciyawa tana iya tada gobarar daji, ta cinye abincin dabbobi. Lokacin hazo kuma a kunna fitila, a rage gudu.

Aikin mutanen gari

Jandarma ba ya kowane ƙauye. Saboda haka kashi mafi girma na aikin yana hannun jama'a.

Uba kada ya ba ƙaramin yaro makullin moto. Ɗan kabu-kabu kada ya goya mutum uku ko huɗu. Direba kada ya sha ƙwaya irin su tramol don ya kore gajiya. Mai jin barci ya tsaya ya kwanta. Mai amalanke da zai yi dare ya rataya fitila ko abu mai ƙyalli a baya. Mata su hana yara wasa a kan hanya ranar kasuwa.

Fasinja ma yana da baki. Idan mota ta cika, yana iya cewa: "Malam direba, yi haƙuri, zan jira ta baya." Idan gudu ya yi yawa, dattijo yana iya cewa: "Yaro, sassauta, akwai mata da yara." Wannan ba rashin kunya ba ne. Mai gari da limami da shugabannin ƴan tasha suna iya zama su tsai da shawara: inda motoci za su tsaya, da rage gudu kusa da makaranta da rijiya.

Idan haɗari ya faru, a kira lamba 17 ta ƴan sanda ko 18 ta ƴan kwana-kwana, ko a aika wurin jandarma mafi kusa. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Kada a fizgi wanda ya ji ciwo a wuya ko baya. A ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure. Kada a ba wanda ya suma ruwa. A kai shi gidan likita da wuri.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne takardu huɗu ake nema wurin mai mota?
2. Me ya sa motar da aka labta wa kaya har sama take saurin kifewa?
3. Wane wuri ne ya fi haɗari tsakanin garinku da kasuwa? Me za a iya yi a kai?

Lissafi

1. Mutum 12 za su yi tafiyar kwana 3. Idan kowa zai sha lita 5 a yini, lita nawa za a ɗauka? Idan aka ƙara ruwan kwana 2 don ko-ta-kwana, lita nawa ke nan?
2. An rubuta wa mota kilo 1000. Direba da yaronsa sun kai kilo 130. Buhu nawa mai kilo 100 za ta iya ɗauka?

Rubutu

Kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa sau uku: Tafiya sannu-sannu kwana nesa.