Rubutun Bayani: Jeranta Matakan Aiki

A rubutun bayani ana jera matakan aiki ne bisa yadda suke aukuwa. Mu ɗauki misalin magidanci a Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, da ke gyaran gidansa. Kafin birkila ya yi filasta, wajibi ne maigida da mai aikin waya su tsayar da inda talabijin za ta zauna, da inda wayar satalayit za ta sauko daga rufi. Daga nan sai a sassaƙe bango, a binne bututun roba, a zura waya. Wayar intanet, mai silli takwas murɗaɗɗu bibbiyu, ba a haɗa ta bututu ɗaya da ta lantarki, domin lantarkin na dagula saƙon da take ɗauke da shi. Tsawonta kuma kada ya wuce mita 100. Wanda ya bari sai bayan fenti, to zai sake fasa bangon da ya biya aka gyara.

A lura da “kafin” da “daga nan” da “bayan”. Su ke riƙe da jerin, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Jinga: Rubuta sakin layi ɗaya kan yadda ake kafa eriya.