Nasiha Ga Mai Neman Bashin Gida Na Biyu Bayan Girma Ya Kama

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka sani ba aibu ba ne magidanci, bayan ya mallaki muhallin da iyalinsa ke ciki, ya yi sha'awar ƙara wani domin ya zuba 'yan haya ko ya bar wa zuriya; amma idan ba zai samu ba sai da bashin banki, alhali furfura ta riga ta bayyana, to wajibi ne ya tsaya ya yi tunani mai zurfi.

Mas'ala ta farko ita ce wa'adi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Nijeriya yakan ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma galibi banki ba ya yarda biya ya zarce ranar ritaya. Saboda haka bashin da matashi zai shimfiɗa bisa shekara 30, ɗan shekara 52 sai ya sauke shi cikin 8, ana yankar albashinsa yankan da zai ji a tukunyar gidansa. Asusun gidaje na ƙasa kuwa, wanda aka kafa a 1992, an yi shi ne domin mai neman wurin zama.

Ta biyu ita ce jingina. Bisa dokar filaye ta 1978, jingina ba ta inganta sai da yardar gwamna, kuma da zarar takardar mallaka ta shiga hannun banki, in biya ya gagara gwanjo ne ƙarshenta. Kada ka kuskura ka jinginar da gidan da kake kwana domin wanda kake hange.

Wanda ya guji riba ya nufi bankin Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, inda ake ƙulla ijara ko musharaka, haƙiƙa ya tsare addininsa. Sai dai biyan wata-wata yana nan daram, ko ɗan haya ya ba da haƙuri, ko damina ta yaye kwanon rufi.

Daga ƙarshe, malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa ana fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin wasiyya da rabon gado, don haka gidan da ba a gama biya ba yana iya cinye rabon marayu. To, ka lissafa bisa fanshonka kaɗai, ban da kuɗin haya. In ya ɗauka ka yi istihara ka sa hannu, in bai ɗauka ba ka wadatu da abin da Allah Ya hore maka.