Aikin Malami Mai Rubutu a Wurin Gwajin Sabon Kayan Aiki

Hakimai da malamansu sun sani a zamanin nan aikin rajista, kamar ta haihuwa da ta manoma, yana ta komawa cikin waya da kwamfuta. Kafin a baza sabuwar manhaja ko takardar cikewa cikin ƙasa, akan kira mutane kaɗan, a ba ko wannensu aiki ya yi da ita ana kallo, don a gane inda take ba da wuya. Lalle ne a nemi yardarsa, a kuma gaya masa tun da fari kayan ake jarrabawa, shi ba ya da laifi ko ya kasa. Akan roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana cikin aiki, dabarar da Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana a 1982.

Mutum biyu ke zama da shi: mai jagora, da malami mai rubutu. Malami ya ja layi ya raba shafinsa gida 4, watau lokaci, da lambar aiki, da abin da ya faru, da alama. Kada ya sa sunan kowa, Mutum 1 da Mutum 2 sun isa.

To, ga inda yawancin masu rubutu ke tuntuɓe. A majalisar alƙali mai shaida abin da ya gani yake faɗi, hukunci kuwa na alƙali ne. Haka nan malami. In ya rubuta "ya rikice", hukunci ya yanke, mai gyaran manhaja kuwa ba zai san abin da zai gyara ba. Amma in ya rubuta, "Minti 3, ya danna Aika sau 2, ya koma baya, ya ce bai ga wurin sa sunan uwa ba," ko wanda bai halarci zaman ba ya gane. Maganar mutum a ɗauke ta yadda ta fito daga bakinsa, kada a yi mata kwalliya. In malami yana da zato, ya ajiye shi a gefen shafi.

Alamu kuwa a shirya su tun kafin zama, kuma kada su yi yawa, gama hannu ba ya cim ma ido. Misali, K kuskure, T tsayawa, N neman taimako, M magana, F fasa aiki, G gamawa. Bayan mutum ya tashi, tun abin bai shige wa malami ba, sa'an nan a auna nauyin ko wace matsala. Jakob Nielsen ya tsara ma'auni daga 0, watau ba matsala, zuwa 4, wadda dole a gyara kafin a fitar da kaya. In malamai biyu suka rubuta, ko wanne ya sa alamunsa shi kaɗai kāna su gwama, domin an tabbatar masu kallon zama ɗaya sukan saɓa ƙwarai a kan abin da suka lissafa matsala.

Shi Nielsen ɗin ya nuna a 2000 cewa mutum 5 sukan bayyana kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin kaya. Da yake mutanen kaɗan ne, shafi ɗaya da aka yi wa sakaci babbar hasara ce.

Ana roƙon hakimi ya ba da ɗaki da izini, amma kada ya zauna a wurin gwajin, gama da wuya talaka ya ce ya kasa, ko ya kushe kayan hukuma, a gaban ubangidansa.