Sarkin Katsina Usman Nagogo: Darasi Daga Filin Ƙwallon Dawaki

Wannan darasi an shirya shi ne domin hakimai da malamansu. Akwai masu ganin wasa aikin yara ne, bai kamaci mai rawani ba. Tarihin Alhaji Sir Usman Nagogo ya isa ya kawar da wannan zato.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Usman Nagogo a 1905. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya ziyarci Ingila a 1921, ya kuma kafa wasan ƙwallon dawaki, watau folo, a birnin Katsina. Kafin wannan lokaci hafsoshin Turawa ne ke yinsa a ƙasar nan. Katsinawa kuwa da ma mahaya ne tun kaka da kakanni, saboda haka wasan bai yi musu wuyar koyo ba.

Yadda wasan yake

Mutum huɗu ke kowane gefe, kowa bisa dokinsa, riƙe da doguwar sanda. Ana yinsa zango zango, kowane zango minti 7, ana sauya dawaki don kada su jigata. Kowane ɗan wasa akan ba shi lamba gwargwadon gwanintarsa, mafi girma ita ce 10. Nagogo ya kai 7, matsayin da 'yan wasa kaɗan ne ke taka shi ko a Ingila. Mai son kai ba ya cin nasara a wannan wasa, domin tilas ne ya bar wa ɗan'uwansa ƙwallo in shi ya fi kusa da raga, ya kuma kiyaye hanyar abokin karawa don kada dawaki su yi karo.

Aikin mulki

A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e, a 1937 ya zama Magajin Gari. Da mahaifinsa ya rasu a 1944 aka naɗa shi Sarki. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya tafi har Indiya da Bama don ya gai da sojojin Nijeriya, ya ƙarfafa musu zuciya. Ya zauna a Majalisar Sarakuna ta Kaduna, ya kuma riƙe muƙamin Minista maras ofis a Gwamnatin Jihar Arewa. Duk da wannan nauyi bai yar da sandar wasa ba, har ya zama shugaban ƙungiyar folo ta Nijeriya.

Horon na baya

Gwanin da bai koyar ba, gwanintarsa kabari ɗaya suke shiga. Nagogo ya hori 'ya'yansa da yaran gidansa bisa sirdi tun suna ƙanana. Cikinsu akwai Hassan Usman Katsina, wanda ya zama Gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, da Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaje shi bayan rasuwarsa a 1981, ya yi sarauta har 2008. Dukansu biyu sun yi suna a filin folo.

Abin da za a koya

1. Hakimi ya keɓe wa samarin ƙasarsa filin wasa, ya hana a gine shi ko a nome shi. Fili in ya tafi ba ya komowa.

2. Ya riƙa halartar wasa da kansa. Inda shugaba ya sa ƙafa, nan talakawa ke sa tasu.

3. Malamin hakimi ya rubuta sunayen waɗanda suka yi fice a sukuwa, ko kokawa, ko tsere, tare da shekara, domin abin da ba a rubuta ba mantuwa ke cinye shi.

4. Tsofaffin gwanaye a jawo su su koya wa yara, a kuma girmama su a bainar jama'a.

Ba kowane hakimi ke da barga cike da dawaki ba, amma babu ƙasar da ta rasa samari da fili. Allah ya jiƙan Sarki Usman Nagogo, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.