Darasin Kiwo: Ɗanyen Wake da Jinin 'Ya'yan Zomo

 Da yawa daga cikinmu mun bar zomaye a gida, uwargida da yara na kiwo, domin idan mun yi nisa da kaya su ne kuɗin cefane da na makaranta. To, darasinmu na wannan karo a kan kuskure guda ne da ke kashe 'ya'yan zomo bayan yaye: ba su ɗanyen wake irin yadda muke zuba wa sa.

Kowane falke ya san yadda ake duba saniya a kara. Ka ja fatar ido, ka buɗe baki ka dubi dasashi. In ka ga fari fat, ka san jini ya yi ƙasa, wataƙila sammore ne ko tsutsar ciki, sai ka rage kuɗi ko ka bar ta. Haka ake duba zomo. Likitan dabbobi kuwa awon jini yake yi, wanda suke kira PCV. A lafiyayyen zomo, jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 33 zuwa 50 cikin 100 na jinin. In awo ya faɗo ƙasa da haka, akwai matsala.

Wake abinci ne mai kyau, babu musu. Waken soya na ɗauke da furotin wajen kashi 38 cikin 100, farin wake kuma wajen kashi 24. Zomo mai tasowa na bukatar wajen kashi 16 a abincinsa, kuma dusa kaɗai ba za ta ba shi ba. Amma ɗanyen wake, da gujjiya, da kalwa, Allah ya sa musu makaman kare kai daga ƙwari, kuma su ne ke cutar da ƙaramar dabba.

Na ɗaya, akwai sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin. Zomo zai ci ya ƙoshi, amma abincin ya fita a kashi bai amfane shi ba. Na biyu shi ne lektin, wanda ke manne wa bangon hanji ya ɓata shi, sai zawo ya biyo baya. In aka haɗa shi da jini a kwalba, yakan dunƙule jajayen ƙwayoyin. Na uku su ne tanin da fayitet, masu kama sinadarin ƙarfe su hana jiki tsotsarsa. Jini kuwa da furotin da ƙarfe ake gina shi. In babu su, daga ina jini zai fito?

Wani zai ce, ai sana na ci ba abin da ya same shi. Gaskiya ne, Alhaji, amma sa yana da tumbi a gaba, inda ƙananan halittu ke farfasa yawancin waɗannan abubuwa kafin su isa hanji. Shi zomo ma'ajiyarsa ta narkar da ciyawa tana can bayan ƙaramin hanji, don haka gubar kan riga ta yi ɓarna. Ɗan zomon da aka yaye a sati 5 ko 6 kuma cikinsa bai yi ƙwari ba tukuna.

Maganin yana murhu. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, kada a ba dabba. A tafasa shi kamar minti 30, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a ɓarza. Wanda ba shi da ruwa sosai ya soya shi a kasko har ya yi ja-ja, ƙarnin ɗanye ya fita. Amma kada a bari ya ƙone, domin ƙonannen wake ya rasa amfaninsa. Wuta tana kashe na ɗaya da na biyu, jiƙo kuma yana rage na uku.

Wajen haɗi, a fara da kwano 1 na waken cikin kwano 10 na abinci, a shigar da shi sannu a hankali cikin mako guda. Kada a yanke musu harawa da ciyawa, domin zomo ba ya rayuwa ba tare da su ba. Ruwa mai tsabta kuma kullum.

A kula da ƙuli-ƙuli da gyaɗar da suka sha raɓa a hanya. In sun yi fumfuna a zubar, domin gubarta, aflatoksin, tana lalata hanta, zomo ba ya jure ta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Kafin ka kama hanya, ka nuna wa mutanen gida yadda ake duba ido da dasashi sau ɗaya a mako. In sun ga fari, ga gashi a tsaye, ga zawo, ga rashin girma, su tsayar da waken su nemi malamin dabbobi, domin ciwon koksidiya da ƙuma su ma sukan kawo irin wannan.

Allah ya ba mu sa'ar kasuwa, ya kai mu gida lafiya, amin.